Fiton Auta a Hutun Rabin Lokaci

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo, shagonsa manne da ƙofar gidansa, a wani layi da motoci ba su cika bi ba. Kowa Baba Mai Agogo yake ce masa, har matarsa in ta so tsokanarsa.

Shagon ɗan ƙarami ne. Tebur mai gilashi, kujera ɗaya, bencin baƙi, sai bango cike da agogunan da aka kawo gyara aka manta da su. Kowanne da lokacin da yake nunawa. In ka shiga ka yi shiru, sai ka ji kamar mutane ne da yawa suke raɗa a bayanka.

A bakin taga rediyonsa yake. Tsoho ne, an ɗaure bayansa da roba don murfin batir ya daɗe da ɓata. Ba shi da abin murɗa tasha. Baba da kansa ya kwance shi ya jefa a durowa, tun ranar da wani baƙo ya murɗa masa yana neman waƙa. Tasha ɗaya ce tal a rediyon nan, ƙaramin gidan rediyon garinsu.

Ranar Asabar bayan la'asar, ko agogon wa ka kawo sai ka jira. Lokacin ne ake kawo wasan ƙungiyar garin kai tsaye daga fili. Mai sharhin mutum ne da Allah Ya ba maƙogwaro, ana kiransa Muryar Asabar. In ya ce ƙwallo ta daki turke, Baba sai ya dafe kai kamar shi ta daka. Yakan ce shi duk abin da bai ji a bakin mutumin nan ba, to bai faru ba.

Baba ba ya zuwa filin, saboda ƙafarsa ta hagu da ta samu matsala tun wani haɗarin mota. Ba ya iya cunkoso. Ɗansa ne ke je masa. Auta, na ƙarshe cikin 'ya'yansa biyar, mai aikin gyaran wutar lantarki.

Auta ya iya wani irin fito. Yatsu biyu a baki, gajere biyu, dogo ɗaya, mai ratsa kunne. Ya gano cewa in ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar ɗakin masu sharhi, abin maganarsu yana ɗauko shi. Sai suka shirya da babansa: da an busa hutun rabin lokaci, hayaniya ta ɗan lafa, zai yi fiton nan. Ma'anarsa, Baba ina nan, ina gaishe ka.

Da ya ji, Baba sai ya ɗaga murya ta ƙofar da ta shiga cikin gida, "Innarsu, ɗanki ya gaishe ki." Ita kuma ta ce a mayar masa da amsa ta eriyar, ya dawo da wuri kada ruwan wankansa ya huce. Mai askin da ke maƙwabtaka da su yakan ce duk garin nan ba masu aika gaisuwa kyauta ta rediyo sai gidan Mai Agogo.

Amma ku iyaye kun san yadda zuciyarmu take. Akwai shekarar da Auta ya faɗa hannun wasu abokai masu shaye-shaye, suna taruwa a wani tsohon gareji. An sha wuya, an sha addu'a, Allah Ya taimaka ya rabu da su. Inna ta yafe ta manta. Baba ya yafe, amma bai manta ba.

Tun daga nan fiton da ya fara a matsayin gaisuwa ya koma shaida a wurinsa. In ya ji, hankalinsa ya kwanta, yaron yana fili. Bai taɓa faɗa wa Auta haka ba. Amma Auta ya sani.

Sai wata Asabar. Da safe Auta ya ajiye agogon hannunsa a kan tebur, ya ce ya tsaya, a duba masa kafin Litinin. Baba ya ce ya bi layi kamar kowa, ɗan gida ba ya tsallake baƙo. Suka yi dariya.

Da yamma aka busa hutun rabin lokaci. Maimakon Muryar Asabar ya ɗan yi bayani kamar kullum, sai aka zarce talla. Baba ya jira. Aka dawo fili, ba fito. Aka koma wasa, aka ƙara cin ɗaya, aka tashi, ba fito. Ana cikin haka mai aski ya leƙo, ba da wata manufa ba, ya ce ai ɗazu da ya fita sayen reza ya hango Auta ta wajen tsohon garejin nan, yana tafe kansa a ƙasa.

Dab da magariba Auta ya shigo, idanunsa jajur.

Ya ce ya je fili, ya yi fiton, sai masu gadi suka riƙe shi suka fitar da shi waje gaba ɗaya. Baba ya tambaye shi wa ya ci ƙwallo ta biyu. Bai sani ba. Baba ya ce filin da dubban mutane ke ihu, wa zai kori mutum don ya yi fito? Auta ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan, kuma hanyar gida daga fili ai ta gaban garejin ta bi, Baba ma ya sani.

Baba ya dubi jajayen idanun nan, ya yanke hukunci.

"Da ka yi, da na ji. Rediyon nan bai taɓa yi min ƙarya ba. Kai kuwa ka taɓa."

"Wallahi Baba na yi."

"Kada ka ƙara min da rantsuwa. Tashi ka ba ni wuri."

Inna tana bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ce, "Malam, yaron nan kuka ya yi, ba sha ya yi ba." Ya ce ai ita ce take ɓata shi.

Ranar Lahadi Auta ya gaishe shi, ya amsa da kai, idonsa a kan wani agogon bango da yake kwancewa. Ranar Litinin Auta ya tsaya a ƙofar shago da jakar aikinsa a kafaɗa, ya tambaya ko an duba masa agogon. Baba ya ce bai samu lokaci ba. Auta ya ce ba komai, sai ya dawo.

Kafin azahar aka zo da labari. Yana saman falwaya aka kawo wuta. Allah Ya jiƙan namu da suka riga mu.

Shekara bakwai Baba bai fasa kunna rediyon nan ranar Asabar ba. Mutanen layi suna cewa Mai Agogo akwai son ƙwallo. Ba su san ya daina jin wasan ba. In ka tambaye shi nawa aka tashi, sai ya dube ka kamar wanda aka tasa daga barci.

Hutun rabin lokaci yake jira. Da an busa, sai ya ajiye hantsaki, ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ƙure murya, ya manna kunnensa a jikin rediyon. Mutum ne mai salla, ya san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma kunnensa bai yarda ba. Wani lokaci a cikin hayaniyar wani ɗan kallo zai yi fito, Baba ya ƙara manna kunne. Sai ya ƙirga. Ba gajere biyu dogo ɗaya ba ne.

Tambaya ɗaya ce take cin sa: ya yi, ko bai yi ba? In bai yi ba, to ɗansa ya koma wa abin da ya tuba a kai, kuma a haka ya tafi. In kuwa ya yi, to shi ne ya ƙaryata ɗansa mai gaskiya, ya bar shi ya fita da wannan a zuciya. Ko ta ina ya juya, babu wurin kwanciya. Ko addu'a yake yi masa, sai ya rasa me zai roƙa, gafara ga Auta ko gafara ga kansa.

Agogon Auta yana cikin durowa, kusa da abin murɗa tashar nan. Mutumin da ya tayar da agogunan rabin gari ya kasa buɗe bayan wannan.

Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Tana kai masa abinci, tana wanke masa kaya, tana shafa masa magani a ƙafa. Amma duk Asabar, da ta ji kiɗan buɗe shirin ƙwallo, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan babbar 'yarsu, ba ta dawowa sai an tashi.

A shekarar farko Baba ya taɓa lallaɓawa har gidan rediyon. Ya jira a bakin ƙofa tun hantsi. Da Muryar Asabar ya fito cikin baƙin tabarau, makullin mota a hannu, Baba ya tare shi da sallama, ya tambaya ko ya tuna wani saurayi mai fito a ƙarƙashin tagarsu. Mutumin bai ko tsaya ba. Ya ce, "Baba, mutum dubu goma ke shiga filin nan. Ni ƙwallo nake kallo, ba masu fito ba." Ya shiga mota ya tafi.

Da wani ne, da tun ranar ya farfasa rediyon. Baba ya koma gida ya sa sabon batir.

A shekara ta bakwai aka wayi gari da sanarwa. Wani babban kamfani ya saye damar nuna wasannin gaba ɗaya. Duk mai son kallo sai ya sa farantin tauraron ɗan adam a rufin gidansa ko ya biya ta waya. Ƙaramin gidan rediyon ba shi da ikon kawo wasa kai tsaye kuma, ko na minti ɗaya.

Mutane suka yi tsaki na kwana biyu, suka watse. Mai aski ya rataya talabijin a shagonsa, ya ce wa Baba ya taso ya ga fuskokin 'yan wasan da ya shekara talatin yana ji wa ciwon kai. Surukinsa, mijin babbar 'yar, ya zo da niyyar alheri, ya ce zai sa masa faranti, ya yar da wannan akwatin da ko mai gwangwan ba zai saya ba.

Baba ya leƙa shagon mai aski sau ɗaya. Hoto tar, har gumin goshin mai tsaron gida ana gani. Amma da aka busa hutu sai aka nuno wasu mutane uku cikin kwat a wani ɗaki mai sanyi. Babu hayaniyar fili, babu taga, babu ƙarƙashin taga. Ya yi godiya ya koma shagonsa.

Asabar ta gaba bayan la'asar ya kunna rediyo. Waƙoƙi aka sa, sai gaishe-gaishe, sai cigiyar takardun da suka faɗi a mota. Ya zauna ya saurara har lokacin da aka saba tashi daga wasa. Da agogon da ya fi yarda da shi ya nuna biyar saura kwata, daidai lokacin da ake busa hutu, hannunsa da kansa ya ajiye hantsaki.

Mai aski ya ce, "Mai Agogo, gidan da aka tashi kake wa gadi." Baba ya ce tashar da ta zauna da shi shekara talatin, ba zai juya mata baya don ta talauce ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Wurin nan ne kaɗai ya rage masa da yake jin yana kusa da Auta.

Haka ya yi Asabar goma sha ɗaya.

A ta goma sha biyu, ana tsakiyar wata waƙa aka rage ta, sai ga muryar da ya sani. Ta dushe, ta yi sanyi. Muryar Asabar ne. Ya ce an ba shi minti biyar ya yi ban kwana, aikinsa ya ƙare, gidan rediyon ma zai koma ƙaramin ofis. Ya ce akwai kasetocin wasanni na shekara da shekaru a ɗakin ajiya, ranar Litinin da yamma za a kwashe a ƙone. Sannan ya ce, "In akwai wanda ya rage yana jin mu a wannan lokacin, kuma yana so, ya zo ya ɗauka." Aka mayar da waƙa.

Duk layin ba wanda ya ji sai mutum ɗaya.

Ranar Litinin Baba ya sa hantsaki da ƙaramin sukundireba a aljihu kamar yadda ya saba, ya ɗauki sandarsa, ya hau motar haya. Ɗakin ajiyar yana hawa na biyu. Ya hau matakala ɗaya-ɗaya yana hutawa.

Ya tarar da Muryar Asabar zaune a kan kwali, ba tabarau, furfura ta cika masa kai. Kwalaye ne har kusa da rufi, ƙura da kashin ɓera ko'ina. Ya ce tun safe yake nan, Baba ne na farko, kuma da alama shi ne na ƙarshe. Ya miƙe ya ba shi kujerar da ta rage. Bai gane Baba ba.

Ya ce kasetocin ma ba na gidan rediyo ba ne, nasa ne. Shi ne yake zuwa da rikoda ya ajiye a gefensa a ɗakin sharhi, ya danna tun kafin a take wasa, don in ya koma gida ya ji muryar kansa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yanzu ko 'ya'yansa ba sa son ji. Ya ce Baba ya ɗebi duk wanda yake so, akwai na shekarar da aka ci kofi.

Baba ya ce ɗaya kawai yake nema. Ya faɗi rana da wata da shekara, ba tare da ya tsaya tunani ba.

Mutumin ya yi mamaki, ya ce ai wasan ranar ba wani abin kirki aka yi ba. Amma ya durƙusa ya fara dubawa, don kowane kaset da kwanan wata a jiki da rubutun hannunsa. Sun fi awa guda. A kwali na tara aka same shi.

Sai rikoda ta ƙi juyawa. Mutumin ya jijjiga ta, ya buga ta a tafin hannu, shiru. Ya ce shi ke nan, Allah bai nufa ba. Baba ya miƙa hannu. Ya kwance bayanta, ya ga robar da ke jan kaset ta saki. Ya cire robar da aka ɗaure wasu kasetoci da ita, ya ɗora da hantsaki. Ya danna. Ta juya.

Hayaniyar fili ta cika ɗakin. Baba ya ce a kai shi hutun rabin lokaci. Suka tura gaba, suka dawo baya, har suka ji usur, suka ji muryar mai sharhi ta wancan lokacin, cike da ƙarfi, tana cewa bari mu koma ɗakin watsa shiri mu ji saƙon masu ɗaukar nauyi.

Baba ya ce a nan rediyonsa ya tafi talla.

Mutumin ya ce haka ne, amma rikodarsa ba ta san talla ba, ita ci gaba take yi.

Aka ji an ja kujera. Aka ji ana zuba ruwa a kofi. Aka ji wasu baƙi suna dariya, mai sharhi yana ce musu ranku ya daɗe.

Sai fito. Gajere biyu, dogo ɗaya.

Sandar Baba ta zame ta faɗi ƙasa. Bai sunkuya ba.

Muryar cikin kaset ta ce, "Wannan ɗan iskan ya dawo? Kullum sai ya ɓata min sauti, yau kuma gaban manyan baƙi. Ku fitar min da shi, har waje."

Aka ji hayaniya daga ƙasa. Sannan wata murya daga nesa, siririya, amma Baba ko a cikin dubu zai tsince ta.

"Don Allah ku bari su dawo daga talla. Babana bai ji ba. Sau ɗaya kawai, babana yana jira."

Sai aka ji an rufe taga.

Kaset ya ci gaba da juyawa. Ba wanda ya kashe shi. Muryar Asabar ya dubi rikodar, ya dubi dattijon da hawaye ke bin gemunsa, a hankali fuskarsa ta sauya. Ya tambaya ko Baba ne ya taɓa tare shi a bakin ƙofa. Baba ya ce shi ne. Ya tambaya ina yaron yake yanzu. Baba ya ce kwana biyu bayan wannan kaset ya rasu.

Mutumin ya sauko daga kan kwali ya zauna a ƙasa cikin ƙura. Ya ce tun daga Asabar ɗin bai sake jin fiton ba, ya ɗauka yaron ya ji tsoro ne, har ya yi alfahari da haka. Ya ce ranar da Baba ya tare shi ma ya tuna sarai, girman kai ne ya hana shi tsayawa. Amma daga baya, duk hutun rabin lokaci sai ya ji kunnensa yana neman wani abu, bai san dalili ba. Ya riƙe ƙafar Baba, mai ciwon, ya ce ya yafe masa.

Baba ya sunkuya ya kama hannunsa. Sannan ya ce, "Malam, tashi. Kai baƙo ka kora. Ni ɗana na kora. In ban yafe maka ba, da wane baki zan roƙa wa kaina?"

Ya karɓi kaset ɗin. Mutumin ya haɗa masa da rikodar, ya riƙe masa hannu har suka sauka ƙasa, ya tsaya a titi sai da ya tsayar masa da mota.

Kafin ya shiga gida Baba ya tsaya a shagon mai aski, mutane cike. Ya ce yana da magana. Ya ce shekara bakwai da suka wuce ya bar mutanen layin nan suna zaton Auta ya koma wa shaye-shaye kafin ya rasu. To ba haka ba ne. Yaron gaskiya ya faɗa, shi ne bai yarda ba. Mai aski ya kashe talabijin. Aska a hannunsa, ya kasa ɗago kai.

Inna tana tsakar gida tana kwashe shanya. Baba ya tsaya a ƙofar da ta haɗa shago da gida, wurin da ya saba ɗaga murya. Wannan karon a hankali ya yi magana.

"Innarsu. Ɗanki ya gaishe ki."

Ta tsaya da zane a hannu, ba ta juyo ba.

Ya ce ya yi fiton, ga shi a kaset, har da muryarsa. Ya ajiye rikodar a kan tabarma, ya ce ta zo ta ji da kunnenta.

Ta ninke zanen, ta ɗora a kan sauran. Sannan ta juyo ta dube shi, irin duban da ta shekara bakwai ba ta yi masa ba.

"Malam, ni ban taɓa buƙatar kaset ba. Ya ce wallahi ya yi."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ita ta daɗe da yafewa, jira take ya iso. Ta zo ta zauna a gefen tabarmar, ta ce amma ya kunna, ba don shaida ba, don ta yi kewar muryar yaronta. Suka ji sau ɗaya. Suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a tare, karon farko tun ranar da aka binne shi. Wannan karon Baba ya san abin da zai roƙa.

Washegari da ya buɗe shago, kafin ya taɓa aikin kowa, ya ja durowa ya ɗauko agogon Auta. Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe bayansa. Ba abin da ya lalace. Ɗan datti ne ya tokare wani haƙori, sai batir da ya mutu. Aikin minti biyar.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya goge, ya sa batir, ya saita lokaci, ya shiga gida ya ɗaura wa Inna a hannu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya kunna rediyonsa bayan la'asar kamar kullum, ana ta waƙoƙi da cigiya. Inna ba ta ɗauki mayafi ba. Ta jawo bencin baƙi ta zauna a bakin ƙofa. Da biyar saura kwata ta yi, ta duba hannunta, shi kuma ya ci gaba da aikinsa, hantsaki bai bar hannunsa ba.

Darasi: Riƙon amana da haƙuri ba sa faɗuwa a wurin Allah, da Baba ya juya wa tasharsa baya kamar kowa, da gaskiyar ta ƙone a cikin kwali. Amma kada amincewar da ka ba akwati, ko waya, ko bakin maƙwabci, ta fi wadda ka ba ɗanka. Wanda ya tuba ka bar shi ya tuba, in ya rantse maka ka saurare shi, kuma kada ka bari ya fita daga gida da fushinka, don ba ka san fitar da ba ta da dawowa ba. Kai kuma da Allah Ya ɗaga, kafin ka ce a kori wani, tambayi wa yake jiran sa a gida. Ku tura wa iyaye da 'ya'ya wannan labari, wataƙila akwai wanda zai gyara tsakaninsa da nasa yau, tun ana tare.